Wuƙar aljihu mai haƙora da mai baki sumul: yadda ake wasa su da aikin da kowace ta dace da shi

Lawali, Sabon Gari:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina aikin lodin kaya a tasha, kuma yawancin abin da nake yankawa a yini igiyar nailan ce da zaren bakin buhu. Ina da wuƙar aljihu mai ninkewa wadda bakinta ke da haƙora kamar na zarto, ta daɗe tana cin igiya ba tare da na taɓa kai ta dutse ba, amma yanzu ta dakushe har tana tsefe igiyar maimakon ta yanke ta. Na kai ta wajen mai injin wasa wuƙa a kasuwa, ya ce abin da zai iya yi shi ne ya goge haƙoran gaba ɗaya ta koma kamar sauran wuƙaƙe, sai na karɓo kayana na taho. Tambayata ita ce, shin ana iya wasa irin wannan wuƙa haƙoranta na nan, kuma idan zan sayi wata, wacce ta fi dacewa da ni?

Malam Habu baduku, Birni:
Wa alaikumus salam, Lawali. Shawarata ita ce ka nemi mai baki sumul ka huta. Mu da muke yanka fata kullum ba ma barin mai haƙora ta kusanci aikinmu, domin fata tana son wuƙar da za a danna ta ta ratsa a layi ɗaya, ita kuwa mai haƙora sai an ja ta gaba da baya, ta bar gefen fatar da geza, wanda ko an ɗinke shi ba ya yin kyau. Babban abin da ya sa na fifita mai baki sumul shi ne, duk inda dare ya yi maka za ka iya mayar mata da kaifinta. Dutsen wasa wuƙa na kasuwar Dole ya isa, idan babu shi gindin kofin tangaran, wato zoben nan da ba a shafa masa ƙyalli ba, yana yin aikin, sannan ka goga ta a kan guntun fata. Wuƙar da ba za ka iya gyara ta da hannunka ba, a ganina ta aro ce ko da kai ka biya kuɗinta.

Injiniya Mamman Sani:
Malam Habu, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce a kan fata, amma aikin Lawali ba fata ba ne, kuma ina ganin ya kamata a bayyana dalilin da ya sa wuƙarsa ta daɗe tana ci. Idan aka ɗora mai haƙora a kan abu, tsinin haƙoran ne kawai ke fara taɓa shi, saboda haka duk ƙarfin hannu yana taruwa a wurare ƙanana, su huda abin, sannan gurbin da ke tsakanin haƙori da haƙori ya kama zaren ya yanke shi. Igiyar nailan tana da santsi, shi ya sa mai baki sumul ke zamewa a kanta da zarar kaifinta ya ɗan ragu, ita kuwa mai haƙora tana riƙe ta. Abu na biyu, idan wuƙar ta bugi ƙarfen mota ko siminti, tsinin ne ke shan dukan, kaifin da ke cikin gurbi yana ɓoye, bai taɓa komai ba. Wannan ne ya sa take ci gaba da aiki bayan da mai baki sumul ta riga ta mutu. Kamfanin Spyderco na jihar Colorado a Amurka shi ya yaɗa irin wannan baki a wuƙaƙen aljihu a farkon shekarun 1980, kuma masu aikin jirgin ruwa da masu aikin ceto ne suka fi karɓar sa, saboda su ma igiya da bel ɗin kujerar mota suke yankawa cikin gaggawa. Amsar tambayar farko kuwa ita ce, ƙwarai ana wasa ta, sai dai ba a kan faffaɗan dutse ba.

Lawali, Sabon Gari:
Na gode, Injiniya. Ina roƙon ka yi mini bayanin yadda ake yin sa dalla-dalla, da kayan da zan iya samu a nan Damagaram, domin ba ni da hanyar yin odar kaya daga waje.

Injiniya Mamman Sani:
Da farko ka buɗe wuƙar ka duba gefunanta biyu a cikin haske. Za ka ga cewa gefe ɗaya ne kawai aka sassaƙa haƙoran, ɗaya gefen kuwa a shafe yake kamar bayan kurfi na kafinta. Aikin duka a gefen da aka sassaƙa ake yin sa. Abin da aka ƙera domin wannan aiki wani siririn sanda ne na ƙarfe mai ɓarɓashin lu'ulu'u a jikinsa, wanda ke da kauri a gindi yana sirancewa zuwa tsini, domin kowane gurbi ya sami wurin da ya yi daidai da faɗinsa. Idan babu shi, ka sayi samfefa irin ta masu fentin mota, mai lamba 400 da mai lamba 1000, ka yanka ta ƙanana, ka naɗe ta a jikin ƙusa domin manyan gurabe, da kuma wayar ƙafar keke domin ƙananan. Sharaɗin shi ne kaurin ƙusar da samfefarta ya zauna cikin gurbin daidai, domin idan ya yi yawa zai ci tsinin haƙoran, idan ya yi kaɗan zai haƙa rami a tsakiya ya bar gefuna.

Kafin ka fara, ka shafa tawadar alƙalamin maka a cikin kowane gurbi. Ka kwantar da ƙusar bisa karkatar da masu ƙera wuƙar suka yi tun asali, ka tura ta a hankali sau biyu ko uku, sannan ka duba. Idan tawadar ta goge daga sama har bakin kaifi, hannunka yana daidai. Idan ta goge a sama kawai, ka ɗan ɗaga hannu. Ka ci gaba da gurbi ɗaya har sai ka shafa bayan wuƙar da farce ka ji wani ɗan leɓen ƙarfe ya lanƙwaso yana kama farcen, wannan shi ne alamar cewa ka kai bakin kaifi, sai ka wuce gurbi na gaba. Bayan ka gama duka da lamba 400, ka maimaita da 1000. Daga ƙarshe ka kwantar da shafaffen gefen kusan gaba ɗaya a kan samfefa mai laushi da ka shimfiɗa bisa gilashi, ka ja ta sau biyu ko uku ba tare da danni ba, domin leɓen ya faɗi. Kada ka yi ƙoƙarin fitar da wani kaifi a wannan gefen, cire leɓe kawai ake yi.

Malam Habu baduku, Birni:
Jama'a ku duba tsawon wannan bayani, sannan ku auna shi da na mai baki sumul. Ita sai ka jiƙa dutse, ka ɗaga bayan wuƙar kamar digiri 20, ka tura ta daga gindi zuwa tsini har leɓen da Injiniya ya ambata ya fito, ka juya ka yi wa ɗaya gefen haka, ka rage danni, ka kammala a fata. Wanda bai san digiri 20 ba ya ɗauki takarda ya ninke kusurwarta gida biyu, ya sake ninkewa, abin da ya samu shi ne digiri 22 da rabi, ya isa ya zama ma'auni. Kafin Lawali ya gama gurbi goma, ni na wasa wuƙa uku na sha shayi.

Injiniya Mamman Sani:
Haka ne, Malam, amma ku kullum kuke wasawa, shi kuwa sau ɗaya zai yi ya manta da ita na tsawon lokaci. Idan aka haɗa lokacin duka, ba lalle ba ne ku ne kuka fi shi riba.

Alhaji Rabe mahauci:
Ina so in ja hankalin masu karatu kan wani abu kafin wani ya ɗauki maganar Injiniya ya kai ta inda ba wurinta ba. Duk shekara idan layya ta zo, ana samun matasa da ke zaro wuƙar aljihu mai haƙora su ce za su taya fiɗa. Wannan wuƙa ba ta fiɗa. Mai fiɗa yana aiki ne da cikin wuƙar, wato wurin da bakinta ya yi lanƙwasa, yana shafa ta tsakanin fata da nama yana ture fatar da dunƙulen hannu, kuma haƙori ɗaya ya isa ya huda fatar rago, ya rage mata daraja a wurin majema. A nama ma haka abin yake, domin tana yaga shi, gashi da kitse su cika gurabenta, wankinta kuma ya zama aiki. Mai kilishi da ke son ya shimfiɗa nama ya yi siriri har ana hango haske ta cikinsa ba zai taɓa kallon ta ba. Ko mai baki sumul ɗin ma, idan mai ninkewa ce, ba na son ta a aikin nama sai dole, saboda jini yana shiga mahaɗarta inda ruwa ba ya kaiwa da sauƙi.

Malam Nasiru, Garin Malam:
Alhaji ya yi gaskiya, kuma abin ya fi nauyi idan aka zo kan yanka kansa. A cikin Sahihu Muslim, daga Shaddadu ɗan Ausu, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin da zai yanka. Wuƙar da sai an yi ta gurzawa da ita kafin ta ratsa maƙogwaro ba ta hutar da dabba, ko da kaza ce. Saboda haka wanda ya san yana iya samun kansa a ƙauye a ce masa ya yanka kaza, to wuƙar aljihunsa ta kasance mai baki sumul, mai kaifi ƙwarai. Ni kaina abin da nake yi da tawa bai wuce fiƙe alƙalami da gyaran asuwaki ba, kuma bakin alƙalamin kara ba ya fita da kyau sai da kaifin da ke aske itace a tura ɗaya. Mai haƙora tana farfasa karan ne.

Hajiya Zainabu, malamar gona:
Malamai, ku ba ni dama in faɗi abin da na gani a lambuna, domin aikina yana kai ni wajajen Mirya da Matamaye. Masu noman rani yanzu suna fama da tiyo na roba, da igiyar guga ta nailan, da buhunan taki, kuma duk waɗannan abubuwa suna cike da yashi. Yashi ya fi ƙarfen wuƙa tauri, shi ya sa mai baki sumul da aka wasa da safe takan dakushe kafin azahar idan ana yanka tiyon da ya kwanta a ƙasa. A wannan aiki mai haƙora ta fi, babu tantama. Amma idan aka zo kan aure na itatuwa, kamar mangwaro da lemu, inda ake son fuskokin reshe biyu su haɗu sumul domin su kama, mai haƙora ɓarna take yi, kuma ina hana manoma amfani da ita ko a yankan reshen da za a dasa. Abin da na zaɓar wa kaina shi ne wuƙa biyu a jaka, ƙarama mai baki sumul wadda ba na bari ta taɓa ƙasa, da mai haƙora wadda nake miƙa wa duk wanda ya ce a ara masa wuƙa.

Sanusi, ɗalibi:
Hajiya, ba sai an ɗauki biyu ba. Akwai waɗanda rabin bakinsu na wajen mariƙi haƙora ne, rabin wajen tsini kuma sumul. Ina ganin wannan ta raba gardama.

Malam Habu baduku, Birni:
Ɗana Sanusi, wannan ita ce wadda na fi ƙi. Bakin wuƙar aljihu bai cika wuce santimita 8 ko 9 ba, idan aka raba shi biyu, kowane ɓangare ya yi gajarta ga aikinsa. Kuma wurin da suke saka haƙoran, wato kusa da mariƙi, shi ne wurin da hannu ya fi ƙarfi da iko, inda ake fiƙe itace da feraye rake, sai ga shi an ƙwace maka shi. Wajen wasawa kuma wahala biyu ce, domin idan kana tura rabin sumul a kan dutse, gefen dutsen yana cin haƙoran farko ba ka sani ba.

Hajiya Zainabu, malamar gona:
A nan ban yarda da Malam gaba ɗaya ba. Direban da ke ɗaukar wuƙa ɗaya rak, wanda abin da yake buƙata shi ne ya fara yanka igiya da haƙoran ya ƙarasa da sauran bakin, ko ya ɓare lemu a hanyar Tanut, rabin-da-rabin tana yi masa. Ba ta kai kowace daga cikin biyun ba a fagenta, amma tana fitar da shi kunya. Game da dutse kuma, ana iya naɗe haƙoran da salatif kafin a fara wasa ɗaya rabin.

Ilya maƙeri, Zango:
Na ga an fara da laifin mai inji, to bari in yi magana a matsayina na wanda ke amfani da shi. Mutumin da Lawali ya je wurinsa bai yi masa ƙarya ba, faifan inji ba ya shiga gurbin haƙora, kuma ya kyauta da ya faɗa masa kafin ya taɓa wuƙar. Abin da nake so jama'a su gane shi ne, ko mai baki sumul ce, wuƙar aljihu ba ta inji ba ce. Bakinta siriri ne, zafi yana kama shi nan take. Idan ka ga bakin ya yi ruwan ɗorawa, zafi ya fara taɓa shi, idan ya yi shuɗi kuwa ya kai wajen digiri 300, taurin da aka ba ƙarfen ya tafi, kuma wannan wuri ba zai sake riƙe kaifi ba sai an goge shi an kai ga ƙarfe mai lafiya. Inji na gatari ne da adda da fartanya. Idan dole ce ta sa, misali wuƙar ta yi giɓi babba, to a taɓa ta kaɗan a tsoma a ruwa, a sake taɓawa a tsoma, sannan a ƙarasa da dutse.

Akwai kuma maganar irin ƙarfen, wadda ba a taɓo ba. Wuƙaƙen da iyayenmu suka sani tun zamanin Faransawa, irin su Douk-Douk da ake ƙerawa a garin Thiers tun 1929, da Opinel wadda ta samo asali a yankin Savoie a 1890, da Okapi da aka fara yi a Jamus a 1902 kafin aikinta ya koma Afirka ta Kudu, asalinsu duka baki sumul ne da baƙin ƙarfe mai yin tsatsa. Irin wannan ƙarfe yana karɓar kaifi a kowane dutse cikin ɗan lokaci, shi ya sa suka zauna a ƙasashen da mutum ke gyara kayansa da kansa. Yawancin masu haƙora da ke shigowa kasuwa da araha kuwa ƙarfensu farin nan ne marar tsatsa, mai taushi, kuma haƙoran ne ke rufa masa asiri. Idan aka goge su, abin da ya rage ba ya riƙe kaifi ko na yini ɗaya. Saboda haka Lawali ya yi dabara da ya hana.

Injiniya Mamman Sani:
Baba Ilya, ina da ƙarin bayani kaɗan a kan wannan. Ba duk farin ƙarfe ne mai taushi ba, domin Opinel ɗin ma tana da nau'in marar tsatsa da ake yi da ƙarfen Sandvik na ƙasar Suwidin, kuma yana riƙe kaifi sosai. Abin da ke bambanta su shi ne yadda aka gasa ƙarfen aka taurara shi. Sai dai ƙarfe mai taushi yana da halin da ke wahalar da mai wasawa, wato leɓen nan ba ya yarda ya faɗi, sai ya riƙa komawa wannan gefe da wancan. Mutum ya gwada wuƙar a gashin hannu ya ga tana aski, ya yanka igiya ɗaya ta mutu, ya ce ƙarfen banza ne, alhali leɓen ne ya yi askin sannan ya kwanta. Maganinsa shi ne a ja bakin a hankali cikin ƙarshen guntun itace mai taushi, sannan a goga a fata. A mai haƙora kuwa, a sami igiyar fata ko igiyar auduga mai kauri, a ɗaure ta a ƙusa a ja ta ta miƙe, a shafa mata ɗan man goge ƙarfe, a bi kowane gurbi da ita ana janyewa daga kaifin.

Lawali, Sabon Gari:
Na sayo samfefar, na gwada a gurabe uku na kusa da mariƙi. Biyu sun fito da leɓe kamar yadda aka faɗa, amma na ukun ƙarami ne ƙwarai, ko wayar keke da samfefa ba ta shiga. Haka kuma wuƙar tana ɗan motsi a mahaɗarta idan na danna, har ina tsoron kada ta rufe a kan yatsuna.

Ilya maƙeri, Zango:
Ka dakata da wasawar tukuna, domin wasa wuƙar da makullinta ba ya riƙewa neman rauni ne. Ka duba mahaɗar, idan sukurun ne ka ɗaure shi kaɗan kaɗan har motsin gefe ya tsaya amma tana buɗuwa, idan kuwa ƙusa ce aka dandaƙe, ka ɗora kan ƙusar bisa maƙera ko wani ƙarfe mai nauyi a ɗan buga ɗaya kan da ƙaramar guduma. Sau da yawa kuma ƙurar hunturu ce da zaren aljihu ke cika wurin da makullin ke faɗawa, sai ya kasa zama har ƙarshe. Ka wanke wurin da kananzir da tsohon burushin haƙori, ka bar shi ya bushe, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya kawai, domin mai da yawa ƙura yake tarawa.

Injiniya Mamman Sani:
Game da ƙananan guraben, ka bar wayar, ka ninke samfefar gida biyu ka yi aiki da kaifin ninkin, ko ka naɗe ta a bakin tsohon katin waya. Ba sa buƙatar aiki da yawa, domin manyan guraben ne ke yin yawancin yankan. Idan ka gama kada ka gwada ta a takarda, mai haƙora takan kama takarda ko tana da kaifi. Ka gwada ta a igiyar da kake yankawa a tasha, ka duba ko bakin igiyar ya fita a haɗe ko a tsefe.

Malam Habu baduku, Birni:
Idan kana buƙatar igiyar fatar da Injiniya ya ambata, ka biyo ta rumfarmu bayan la'asar, akwai ragowar yanka da yawa. Ka taho da wuƙar ma, ina so in ga haƙoran da idona kafin in ce wani abu a kansu.